Kafin ki sayi karo, ɗaga tabarma ki taɓa ƙasa

Ƴan uwana matan asusu, duk wadda ke son ta san gaskiyar ƙasan ɗakinta, kada ta duba a watan uku, lokacin da komi ya bushe ƙayau. Ta bari sai watan takwas, bayan an kwana biyu ko uku ana ruwa, ta ɗaga tabarma ko leda ta ɗora tafin hannunta ƙasa. In ta ji laima, ko wani wari ya taso irin na tsohuwar randa da aka manta a rufe, to ɗakin nan yana shan ruwa ta ƙarƙashi, kuma duk abin da aka shimfiɗa a kai sai ya sha tare da shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, duk shekara in lokacin rabon asusu ya matso, abu uku nake ji bakin mata: tunkiyar kiwo, kayan ɗakin ɗiya, sai gyaran ɗaki. Biyun farko mun iya su, ba mai koya muna. Na ukun ne muke shiga da ido rufe. Mace ta yi wata tara ko goma tana zuba dala ashirin-ashirin, ta hana kanta zane, ta hana kanta naman miya, ranar rabo ta kwashi kuɗin ta miƙa ma mai shago don ta ga ledar maƙwabciya mai zanen fure. Damina guda, ledar ta kumbura, ta yi baƙi, an naɗe an jefar bayan gida awaki na tauna. Na ga haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, cikin shekarun da na yi ina riƙe da littafin ƙungiyarmu.

Ƙasarmu fuska biyu gare ta, kuma ƙasan ɗaki dole ya iya da duka biyun. Watan huɗu da na biyar zafi ya wuce 40, kwanon rufi kamar tanda, mutum na neman inda zai kwantar da haƙarƙari ya ji sanyi. Daga watan shida kuma iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa, gishiri ya jiƙe cikin gwangwani. Wajen Gaya ruwan shekara yakan kai milimita 800, mu nan Maraɗi wajen 500, Tawa bai kai haka ba. Wani zai ce ai wannan ba ruwa ba ne in aka gwada da ƙasashen bakin teku. Gaskiya ne, amma namu a dunƙule yake zuwa, mafi yawa cikin watan bakwai da na takwas, wani lokaci dare ɗaya ya zubo abin da ƙasa ba ta iya shanyewa. Ba wadda ta manta da daminar 2024, da gidajen da suka zube a jihar Maraɗi, da tsohon masallacin Damagaram na ƙasa da ya faɗi farkon watan tara bayan ya fi shekara ɗari da hamsin a tsaye.

Ruwan da ke ɓata ɗaki ba kullum ta ƙofa yake shigowa ba. Kun san yadda lagwani ke jan kananzir daga gindin fitila ya kai shi sama? Haka ƙasa ke jan ruwa. In tsakar gida ta jiƙe, laimar na bi ta ƙananan kafofin ƙasa tana hawa, ta shiga daɓe, ta shiga gindin bango. Shi ya sa za ki ga bangon ƙasa yana zaizayewa daga ƙasa kamu ɗaya ko biyu, sama kuwa lafiyarsa lau. Ko siminti ba ya tsira, sai ki ga wani fari-fari kamar kanwa ya fito a kansa. Ga kuma abin da ba mu cika lura da shi ba: titi da tsakar gida suna tashi kowace shekara, iska na kawo rairayi, ana zuba shara, ana ciko, ɗaki kuwa yana nan inda aka gina shi. Gidaje nawa ne cikin tsofaffin unguwanni da sai ka sauka kafin ka shiga ɗaki? Irin wannan ɗakin, ko zinariya aka shimfiɗa ciki, kwano ne aka aje ma ruwa.

Don haka ni dai, in mace ta tambaye ni me za ta shimfiɗa, sai in ce mu je in ga dokin ƙofarki tukuna. Ƙasan ɗaki ya kamata ya fi tsakar gida tudu da aƙalla santimita 20 zuwa 30. Indararo kada ya zuba a gindin bango. Ruwan tsakar gida ya samu hanyar fita. Wannan aikin ba shi da kyan gani, ba wadda za ta zo barka ta yaba shi, amma shi ne ya kamata ya fara cin kuɗin.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Ki samu leda mai kauri kamar faɗin faifai biyu, ki shimfiɗa ta a tsirarar ƙasan ɗaki, ki danne gefunanta da bulo ko itace yadda iska ba za ta shiga ba, ki bar ta kwana ɗaya ko biyu cikin damina. In kin ɗaga kin ga gumi a ƙarƙashinta, ko wurin ya fi sauran ɗakin duhu, kin samu amsa.

Da yawa cikinmu a kan rairayi muka tashi. A ɗebo fari mai laushi daga gulbi, a tankaɗe, a baza, a share da tsintsiya har ta bar zane. Yana da sanyi ga ƙafa, yana shanye fitsarin yaro, ba a biyan magini. Amma abin da ya shanye ɗin yana nan ciki bai tafi ko'ina ba. Ƙuma na son sa, kunama na ɓuya ciki, allura in ta faɗi sai dai ƙafa ta gano ta. Wadda ba ta da halin wani abu yanzu, ta riƙa kwashe shi tana sake sabo kafin damina da bayanta, kuma kada a aje mai rarrafe a kai ba tabarma.

Daɓe kuwa, ina jin ciwon yadda muka yar da shi. Aikin mata ne tun asali, ba a kiran namiji sai dai ya kawo ƙasa a jaki ko amalanke. A zuba jar ƙasa mai tsakuwa, a baje, a yayyafa ruwa ta kwana. Washegari a yi gayya, kowace ta zo da madaɓinta, a durƙusa a jere ana bugu ana waƙa, mai ɗaki na dama fura. Ba a gama shi rana ɗaya: a buga, a bari ya sha iska, inda ya tsage a sake bugawa, har sai ya daina buɗe baki. Sannan a zo da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ko ruwan bagaruwa inda ɗorawa ta yi wuya, a yi ta shafawa ana bugu har ya yi duhu yana ƙyalli. Ruwan nan shi ke ɗaure ƙasar ya rage mata shan ruwa, kamar yadda bagaruwa ke ɗaure fata hannun majema. Kakata tana da ɗaki irin wannan a ƙauye, kuma har yau ban taka wani abu da ya kai shi daɗi da tsakar ranar bazara ba. Ba ya ƙona ƙafa da zafi, ba ya sa sanyin ƙashi da hunturu, kuma in laima ta taso yana barinta ta fita, ba ya kulle ta.

Aibinsa shi ne yana son kulawa kamar jariri. Ƙafar gadon ƙarfe na huda shi, gara na fasa shi daga ƙasa, ba a kwara masa ruwa a wanke, kuma kowace shekara ko biyu sai an sabunta. Sannan ina matan gayyar? Yau ki kira mata goma su bar sana'arsu su durƙusa miki wuni guda, sai kin ji kunya. Ko da yake, mu da muke haɗuwa kowane mako a kan tabarma ɗaya, in akwai waɗanda za su iya maido da gayyar daɓe ai mu ne. Na ji labarin wata ƙungiya a ƙasar Ruwanda, EarthEnable, da ta fara aiki a 2014: daɓen ƙasa suke yi irin namu, da tsakuwa da yashi da yumɓu, sai su shafe sama da wani mai da ke bushewa ya yi tauri, har a iya goge shi da ruwa. Kada wata ta ji haka ta ɗauko man gyaɗa, shi ba ya bushewa, tururuwa kawai za ki gayyato. Baƙin man mota kuma da wasu ke shafawa don gara, guba ne, bai dace da inda yaro ke rarrafe yana sa hannu baki ba.

Zancen yaro shi ne ya sa, duk son da nake ma daɓe, nake ce ma mai ƙananan ɗiya ta yi ƙoƙarin siminti in da hali. Ƙasar da ba a iya wankewa tana riƙe ƙwan tsutsar ciki da ƙazantar da ke kawo zawo, balle da damina, ga kaji na shiga suna fita, ga takalma na kwaso taɓo. A ƙasar Meksiko, wajen shekarar 2000, hukuma ta shiga zuba ma talakawa siminti a ɗakunan da ke da ƙasa tsirara. Da masu bincike suka bi sawu, sun tarar inda aka rufe ƙasan gida duka da siminti, zawon ƙananan yara ya ragu da kusan rabi, tsutsar ciki ta ragu da kashi 78 cikin 100. Ki lissafa abin da kike kashewa likita kowace damina, da kwanakin da ba ki fita sana'a ba don jinya, sannan ki aza shi kusa da kuɗin buhun siminti.

To amma siminti ma suna ne. Akwai wanda zai shekara ashirin, akwai wanda kafin a sha ruwa biyu ya fara garin kansa, kina shara yana bin tsintsiya. Bambancin yana ga abin da aka yi ranar zubawa, kuma a nan ne nake roƙon mata kada su tafi unguwa su bar magini shi kaɗai. Wata ƴar ƙungiyarmu ta sai buhu shida, ta tafi biki, ta dawo ta tarar da aiki sumul kamar madubi. Wata uku ƙafar kujera ta burma, ashe kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata inda sauran buhunan suka shiga. Ba ta da bakin magana tunda ba ta ƙirga ba.

Ga lissafin yadda nake rubuta ma mata shi a bayan littafi. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 3 faɗi, mita 12 ke nan in an buga. In za a zuba kankare mai kaurin santimita 5, wato kamar yatsu uku a haɗe, ana haɗa bokiti ɗaya na siminti da biyu na yashi da uku na tsakuwa, zai ci wajen buhu 5 na kilo 50. In za a yi lailaye a sama, ki ƙara ɗaya ko biyu. Tan guda buhu 20 ne, don haka mata uku ko huɗu suna iya haɗa kai su sai tan su raba, ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, kuɗin amalanke ma ya zama ɗaya. Simintin Malbaza namu ne na gida, kuma tun da hukuma ta rage farashi a watan goma na 2024 bayan ambaliya, kada ki ji nauyin zagaya shago biyu ko uku kina tambaya. Ki taɓa buhun da hannunki: in kin ji dunƙule-dunƙule masu tauri ciki, ya sha laima a ma'aji, ki bar musu abinsu.

Kafin a zuba, a yi ciko a daddaɓe shi sosai, kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa. A baza tsakuwa, don ruwa ba ya iya hawa ta cikin manyan kafofi yadda yake hawa cikin laka. A ɗan rufe ta da yashi, sannan a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wannan ya hau kan bakin waccan, gefenta ya ɗan hau bango. Kun ga inda leda take da amfani ke nan, a ƙarƙashin siminti. Magina da yawa ba sa sa ta sai an matsa musu, za su ce ba a saba ba. Ki ce ke kin saba. Yashi ya zama mai tsabta: ki zuba kaɗan cikin kwalba da ruwa ki girgiza, in ya kwanta kika ga laka mai kauri a samansa, ba shi ba ne. Kuma kada a cika ruwa a kwaɓin don aiki ya yi sauri, kwaɓi mai ruwa-ruwa shi ke tsagewa.

Sauran aikin naki ne. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Daga washegari ki riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana 7, ki rufe da jiƙaƙƙun buhuna, ki ja ƙofa kada iska ta busar da shi. Ba ya kai cikar ƙarfinsa sai wajen kwana 28. A nan ne gaggawar biki ke cutar mu: an zuba ranar Talata, ranar Juma'a an jera gado da kabad, an rufe da leda. Ruwan da ke cikinsa ina zai bi?

Ledar ɗaki kam, bari in faɗi ra'ayina ko da masu sayar da ita za su ji haushi. Ita ce ta fi kowa kyau ranar jere, ita ce kuma ta fi saurin ba da kunya. Ba ta numfashi. In an ɗora ta kan daɓe ko simintin da ke jan laima, ruwan sai ya taru ƙarƙashinta, hunhuna ta yi baƙi, kyankyasai su samu gida, gara ta yi hanyarta ba mai gani sai ta kai ga ƙafar kabad. Warin nan da ke kama zannuwa cikin akwati da damina, har ki rasa inda yake fitowa, sau da yawa daga nan ne, kuma mai asma ko yaro mai tari shi ke fara jin sa a ƙirji. Da zafi kuma tana manne ma jiki, ga kaskon turaren wuta da ke huda ta da garwashi ɗaya. Arha ba ta ado, in ji mutane. In ƙasan ya ci gwajin da na faɗa, busasshe ne, to ba laifi a shimfiɗa, amma kada a manne ta da gam, a bar ta yadda za a iya naɗewa a shanya ɗakin. Kafet mai gashi ba zan ɓata takarda kansa ba: ƙurar hunturu ta shiga, laimar damina ta bi, sai ki wanke ya kwana uku bai bushe ba. A bar ma masu na'urar sanyi da injin zuƙe ƙura.

Karo, wanda ƴan Najeriya ke ce ma tayil, shi ne burin kowace yanzu, kuma ban ga laifin burin ba. Yana da sanyi da bazara, tsumma ɗaya ya goge shi, laima ba ta ɓata shi. Sai dai karo ba ya gyara ƙasa marar kyau, kan siminti mai ƙarfi yake zama. In ciko ya zauna, shi ma sai ya tsage, kuma nasa tsagewar ta fi ciwo don kuɗin sun fi yawa. Wajen zaɓe, mai ƙyalli kamar madubi shi ke fara jan ido, shi ke kuma kada mutane. Ki tuna da uwar miji mai sanda, da mai ciki, da yaron da ya shigo da gudu daga cikin ruwa. Ki jiƙa yatsa ki goga kan karon tun a shago, in ya zame sulɓi, kada ya shiga bakin ƙofa ko kusa da randa, balle makewayi. Ki juya bayansa ki ɗiga ruwa: wanda ya shanye nan da nan bai kai wanda ruwan ya tsaya a kansa ƙarko ba. Fari tas yana tona asirin ƙura, da hunturu sai ki share sau huɗu a wuni, mai launin rairayi ya fi rufa asiri.

Ɗakin nan mai mita 12, in karo mai santimita 40 kowane gefe ne, guda 75 zai ci. Ki sai kamar 83, saboda yanka da fashewa, ki ɓoye ragowar ƙarƙashin gado, don bayan shekara biyu ba za ki samu irinsa a kasuwa ba. A bar ƴar tazara tsakanin kowane da ɗan uwansa da kuma jikin bango, saboda zafi na sa shi motsi, in an matse shi sai wata rana ki ji ya ɗaga da ƙara. Kafin ki biya cikon kuɗin aiki, ki ɗauki makulli ki bi kina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi amo kamar ƙwarya, ƙarƙashinsa rami ne, a cire a sake tun magini bai tafi ba. Kuma turmi ya tsaya waje.

Masu zaman haya, ku kam kada ku binne kuɗin asusu a ƙasan gidan wani, sai in an yi magana gaban shaidu cewa za a cire daga kuɗin wata, a rubuta. In ba haka ba, tabarma ta ishe ku. Ta kaba irin ta Madawa tana barin ƙasa ta sha iska, ta roba kuma tana wankuwa, duka biyun ana fitar da su rana in gari ya buɗe, kuma ranar tashi a naɗe a aza kan amalanke.

A ƙungiyarmu yanzu, in mace ta nemi rance don gyaran ɗaki, ba ma hana ta, kuɗinta ne, amma mata biyu sukan raka ta su ga ɗakin kafin a buɗe akwati. Bara wata ta zo da niyyar karo, aka tarar tsakar gidanta ta fi ɗakin tudu. Kuɗin da ta ɗauka ya tafi ga amalanken ciko goma sha ɗaya, da tsakuwa, da leda, da siminti, aka ɗaga dokin ƙofa, aka juya indararo ya kalli waje. Ta yi kwana biyu ba ta yi muna fara'a ba. Karon tana nan tana tara kuɗinsa, sai rabo mai zuwa. Aikin an yi shi ne a watan sha ɗaya, bayan an gama girbi, lokacin ƙasa ta tsane, amalanke sun samu sarari, zafi kuma bai taso ba balle ya busar da siminti da wuri. Wadda ke da niyyar yi bana, ta yi gwajin ledar tun ruwa bai ɗauke ba, ta zo da amsar ranar zubi.